Shin taka birki a gaban kyamara yana hana a ci direba tara?

Tambaya: Ni direba ne, kuma abokan aikina sun ce muddin na san inda aka kafa kyamarar auna gudu, sai in taka birki kafin in iso, idan na wuce in ci gaba da guduna. Amma na ji an ce wannan dabara ba ta aiki a kan sababbin kyamarori. Yaya abin yake?

Amsa: Malam direba, maganar abokan aikinka ta yi daidai da tsohuwar kyamara kawai, irin Gatso, wadda ta samo suna daga Maurice Gatsonides, ɗan tseren motoci na ƙasar Holan da ya kafa kamfaninsa a 1958. Ita tana harba igiyar rada ga mota, ta gane gudunta daga yadda igiyar ta sauya bayan ta dawo, sannan ta ɗauki hoto. Gudun wuri ɗaya take aunawa, shi ya sa mai birki yake kubce mata.

Sabon tsarin kuwa lokaci yake lissafawa. Ana kafa kyamara a farkon wani yanki na hanya, wata a ƙarshensa, kowacce ta karanta lambar mota ta rubuta lokacin wucewarta, ko da dare ne, domin tana amfani da wani haske da idon mutum ba ya gani. Kwamfuta sai ta raba tsawon hanyar da lokacin da aka ɗauka. A ce tazarar kilomita 10 ce, kuma iyakar gudu kilomita 100 a awa: bai kamata ka iso kyamara ta biyu ƙasa da minti 6 ba. Idan ka iso cikin minti 5, to kilomita 120 a awa ka yi, ko da kuwa rarrafe ka yi a gaban kyamarorin biyu. Sai dai ka tsaya a tsakani ka sha shayi har lokaci ya cika, wanda kuma ya sa gaggawar ta zama aikin banza. Birnin Nottingham na Ingila ya soma amfani da wannan tsari a 2000, Italiya kuma ta sanya nata, mai suna Tutor, a manyan hanyoyinta daga 2005.

A ganina sabon tsarin ya fi tsohon ma'ana, domin birkin ba-zata a gindin kyamara shi kansa yana iya sa na baya ya daki na gaba. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta bayyana cewa ƙarin kashi 1 cikin 100 a matsakaicin gudu yana ƙara yiwuwar aukuwar hatsari mai kisa da kusan kashi 4 cikin 100.

A Najeriya, Jihar Legas ta sanar a Fabrairun 2025 da kafa kyamarorin auna gudu a Alapere da titin Mobolaji Bank Anthony, tare da tarar naira 50,000. A nan ne nake jan hankalinka kan abin da direbobi suka fi mantawa: kyamara lambar mota ta sani, ba mai tuƙi ba, kuma saƙon tara yana zuwa ne ga wanda sunansa yake kan rajista. Idan ka sayar da mota ba a sauya takardun mallaka ba, gudun da mai saye ya yi kai za a nema da kuɗinsa.