Amsa ga mai tambaya kan ƙanwarsa nas da ta sauya tun bayan korona

Malam, ka ce ƙanwarka ta yi aiki a sashen kulawa ta musamman na asibiti, inda ake kwantar da masu tsananin rashin lafiya, lokacin annobar korona, kuma tun daga nan ba ta samun barci, ga saurin fushi, har tana cewa za ta ajiye aikin, kana tambaya ko ragwanci ne. Ni ma nas ce a irin wannan sashe, kuma ina tabbatar maka ba ragwanci ba ne, ba kuma raunin imani ba. Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana irin wannan gajiya a matsayin matsalar da aiki ke haifarwa, alamunta kuwa su ne ƙarewar kuzari, fitar aikin daga ran mutum, da jin cewa ba ya tsinana komai.

Mutane suna ɗauka tsawon aikin dare da zafin kayan kariya ne suka fi cin mu. Sun ci mu, amma abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne a ƙa'ida nas ɗaya majinyaci ɗaya take kula da shi idan yana kan na'urar numfashi, sai ga shi an haɗa mata da yawa, tana sane da cewa wani zai rasa kulawar da ta dace da shi. Ga kuma hana 'yan'uwa shiga, wanda ya sa mu muke riƙe hannun mai cikawa, mu muke laƙƙana masa kalmar shahada, sannan mu koma gida muna tsoron kai wa iyayenmu cutar.

A Ingila, binciken da Farfesa Neil Greenberg ya jagoranta kan ma'aikata 709 na irin waɗannan sassa a tsakiyar 2020 ya gano kashi 45 cikin 100 suna da alamun matsalar ƙwaƙwalwa mai buƙatar kulawa, kuma nas-nas sun fi likitoci jigata.

Don haka kada ku tsaya ga ce mata ta yi haƙuri. Hutun shekara yana rage gajiyar jiki, amma ba ya magance mugun mafarki da firgita idan ta ji ƙarar na'ura. Ku raka ta wajen likitan ƙwaƙwalwa, ta kuma nemi a mayar da ita wani sashe na ɗan lokaci kafin ta yanke shawarar barin aiki. Idan ta taɓa furta cewa gara ta mutu, kada a bar ta ita kaɗai, a kai ta asibiti a ranar.