Me Zan Zuba A Jakar Haihuwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Cikin fari ne da ni, ya shiga wata bakwai, kuma a asibitin gwamnati nake awo. Ƙawata ta ce sai na cika akwati guda da kayan jariri, surukata kuma ta ce ba a yi wa ɗa sayayya tun bai zo duniya ba. Maigidana ƙaramin ma'aikaci ne. Me ya zama dole in tafi da shi asibiti, kuma yaushe zan haɗa? 'Yarki daga Funtuwa.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata, Allah Ya sauke ki lafiya. Ki haɗa jakarki kafin cikin ya kai mako 36, wato ƙarshen wata na takwas. Lissafin ciki mako 40 ne, amma daga mako 37 naƙuda tana iya zuwa kowane dare. Ki lallaɓa Hajiya da ladabi, ki ce mata malaman asibiti ne suka ba da umarni. Kayan suna su jira, babu laifi.

Abu na farko katin awonki ne, tare da takardun gwajin jini da hoton ciki. Ki sa su a leda, a aljihun jakar na waje. A aikina na ɗakin haihuwa na sha karɓar mace tsakar dare tana murƙususu, babu kati, ba mu san rukunin jininta ba, ba mu san ko tana da hawan jini ba. Sai a fara komai daga farko, lokaci yana tafiya.

Ranar awo na gaba ki roƙi malamar ta ba ki jerin abin da asibitinsu ke buƙata, don kowane da tsarinsa. Yawanci za ki ji safar hannu, ledar shimfiɗa, audugar mata manya ta masu jego, abin matse cibiya, man zaitun, sabulu da Dettol ko Jik. Naki kuwa tsofaffin zannuwan atamfa huɗu ko biyar waɗanda suka sha wanki suka yi laushi, riga mai buɗewa ta gaba don shayarwa, hijabi, silifas, bokiti, kofi da filas. Kada ki manta tocila da cajar waya, ba kullum ake samun wuta ba.

Jariri ba ya buƙatar akwati. Riguna uku masu laushi, hula, safa, shawul, tawul da famfas ƙanana sun isa, don mai haihuwa da kanta takan koma gida bayan awa 24 idan komai lafiya. Wadda aka yi wa aiki takan ƙara kwanaki, sai a kawo ƙari daga gida. Ki nemi maganin cibiya na Chlorhexidine, shi ake shafawa, ba man goge baki ko toka ba. Fida da madarar gwangwani ki bar su a kanti. Ki sa jaririn a nono cikin awa ɗaya da haihuwa, kuma kada kowa ya sa ki matse dakashi ki zubar, shi ne rigakafinsa na farko. Maganin zaƙi da jiƙe-jiƙen saurin naƙuda ma ba su da gurbi a jakar nan. Wadda za ta kawo miki kunu ta sassauta kanwa. Likitoci a Zariya sun daɗe da danganta yawanta da ciwon zuciyar masu jego.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, kuma ina so ki karanta wa maigida wannan wurin. Zubar jini bayan haihuwa na kan gaba cikin abubuwan da ke kashe mata, kuma yana iya gamawa da mace cikin awa biyu. Don haka tun yanzu ku san wa zai ba ki jini. Mutum biyu a dangi, a gwada su, lambarsu tana wayarku. Ku yi magana da mai mota ko mai adaidaita na unguwa wanda zai ɗauki waya ƙarfe biyun dare. A ware kuɗi daban, ko kaɗan-kaɗan ne, kada a taɓa su don ragon suna. Sannan Malam ya ba ki izini a fili, a gaban Hajiya, cewa ko yana nan ko ya yi tafiya, ki wuce asibiti. Na ga matan da suka kwana suna naƙuda a ɗaki suna jiran miji ya dawo daga kasuwar ƙauye, abin yana ci mini rai har yau.

Kunyar ɗan fari kuma ki ajiye ta a wannan rana. Idan faya ta fashe, ko kika ga jini, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, ko motsin jariri ya ragu, kada ki jira ciwon mara ya kankama, ki faɗa a tafi. Idan goyon ciki za ki je gida, ki tafi da jakar da katin, ki kuma je awo sau ɗaya a asibitin da ke kusa da gidanku don su san da ke. Kafin a sallame ku, ki tabbatar an yi wa jariri allurar BCG ta rigakafin tarin fuka da ta ciwon hanta, an ɗiga masa maganin shan inna, an kuma ba ki katinsa.