Kawu, sandar fatsa nawa mutum ɗaya zai iya riƙewa?

Kawu, ina gaisuwa, ina kuma gaida Inna da yara. Na ji saƙonku na murya a kan hoton da na tura ranar Asabar, inda kuka ga wani Bature da sandunan fatsa takwas a jere cikin kwale-kwalensa, ni kuma ina tsaye a gaɓa da guda biyu kacal. Kun tambaya ko rashin kuɗi ne ya hana ni ƙarawa, tunda a kogin Wudil wanda ya fi yawan ƙugiya shi ke komawa gida da kifi. Tambayar na kan hanya, domin ni ma da wannan lissafin na zo ƙasar nan ta Amurka.

Kifin da muke nema a nan Texas sunansa bas. Baki gare shi ƙato, ga haɗama irin ta giwan ruwa, sai dai bai kai shi girma ba ko kusa. Mafi girma da aka taɓa kamawa a jihar nan, a tafkin Fork a shekarar 1992, laba 18 ne da ɗan kai, wato wajen kilo 8. Shi bas ba a cika kama shi da dabarar da muka sani ta soka tana a ƙugiya, a kafa sanda a laka, a zauna ana jira ba. Mafarauci ne, yana laɓewa a gindin kututture ko ƙarƙashin ciyawa, sai ya ga abu na motsi ya far masa. Saboda haka abin da muke ɗaurawa na roba ne: tana ta roba, kwaɗo na roba, ɗan kifi na roba mai ƙugiya uku-uku. In ba ka jefa ka jawo shi da hannunka ba, mataccen abu ne a ruwa, ko kallonsa bas ba zai yi ba. To hannu nawa ne da mutum? Taura biyu ba ta taunuwa. Ko sanda goma ka zo da ita, ɗaya ce ke aiki, tara suna kwance.

Shi Baturen nan da kuka gani, kowace sanda ya ɗaura mata nata abin yaudarar tun daga gida, don kada ya ɓata lokacin yanke zare da sake ƙulli. Jirgi ne ke ɗauke masa kayan, shi ya sa bai damu ba. Mu da ke gaɓa ƙafa ce jirginmu. A safiya ɗaya sai in taka fiye da kilomita uku a bakin ruwa, jefi biyar a nan, goma a can, in ba a taɓa ba in ƙara gaba. Kuma sai da sanɗa, domin kifi na ganinka mai jar koma. Inuwarka ta faɗa ruwa ko ka taka da ƙarfi, ya tafi.

A shekarata ta biyu a Houston na taɓa ɗaukar sanduna huɗu zuwa wani tafki. Hanyar shiga ta cikin sarƙaƙƙiya ce. Kowace sanda ta kusa ƙafa bakwai, ina kare wannan daga reshe waccan na sarƙewa, har ƙugiyoyin biyu suka kama juna suka haɗa da rigata. Ina cikin warware su sai na ji ƙas, tsinin wadda na fi so ya karye a jikin itace. Kafin in kai ruwa rana ta ɗaga, alhali wannan kifi tsakanin asuba da hantsi ya fi ci. Na ji zafin sandar, amma na fi jin zafin safiyar, domin mai aikin kwana biyar a mako ba ya da wata Asabar sai bayan kwana bakwai.

Tun daga nan na tsaya a kan biyu. Ɗaya mai laushi ce da siririn zare, ita nake sa wa tanar roba, ana soke bakin ƙugiyar a cikin jikin tanar yadda za ta ratsa ciyawa ba ta maƙale ba. Wannan ɗauri ma da sunan Texas ake kiransa a duk faɗin Amurka. Ɗayar mai ƙarfi ce da zare mai kauri, ta kwaɗon roba, don in kifi ya cafka a tsakiyar bado sai an fizgo shi da ƙarfin tsiya. Sauran tarkace suna cikin jakar goyo. Ranar da zan shiga wuri mai duhuwa kuwa ɗaya nake ɗauka, saboda ina so hannu ɗaya ya zama a sake, ido kuma yana ƙasa. Akwai macizai a gaɓar nan, akwai kada, ba labari ba ne.

Hukuma ma tana da ta cewa. A ƙananan tafkunan cikin gari da gwamnati ke zuba wa kifi, doka ba ta yarda mutum ya yi amfani da fiye da sanda biyu ba. A jihar Minnesota, inda wasu 'yan'uwanmu suke, a yawancin ruwaye ɗaya aka yarda da ita in ruwa bai daskare ba. A nan Texas dole kuma ka yanki lasisi in ka kai shekara 17, sai dai a cikin wuraren shaƙatawa na gwamnatin jiha, nan an yafe. Bas biyar ne iyakarka a rana, kuma a yawancin ruwaye wanda bai kai inci 14 ba sai ya koma. Jefa masa birgi ko kalli laifi ne da ake cin tara. Na san mutumin Argungu zai ji wannan banbaraƙwai.

Abin da ban nuna muku a hoton ba shi ne yadda mutanenmu ke raba aikin sandunan biyu. Yawancin Turawa masu neman bas awo kawai suke yi, su ɗauki hoto, su sake shi. Mu kam da wuya ka ga Bahaushe ya koma gida hannu rabbana, ya ce wa uwargida ya kama shida ya sake su. Saboda haka da yawa a cikinmu sukan mayar da sanda ta biyu ta tarwaɗa: a soka hantar kaza, a jefa can tsakiya, a kafa sandar, a maƙala mata ƙararrawa, sannan a riƙa jifan bas da ɗayar ba tare da an yi nisa ba. Ranar da muka fita da yara ni ma haka nake yi, duk da na san tsayawa wuri ɗaya na rage min bas. Tarwaɗar ce ke zama farfesu da daddare.

In Allah Ya kawo ku a watan Maris ko Afrilu, lokacin da bas ke matsowa bakin gaɓa don yin ƙwai, sandar nan mai laushi zan ba ku. Mu yi sallar Asuba a gida, mu isa ruwa kafin gari ya waye sosai.