Shin Time ce mujallar mako-mako ta farko?

Malam, ka tambaya ko Time ta Amurka ce mujallar labarai ta farko mai fitowa duk mako. A'a, ta tarar da wasu. The Economist ta Landan ta girme ta da shekara 80. James Wilson ne ya kafa ta a 1843 don yaƙar harajin hatsin da ake shigowa da shi Ingila, kuma har gobe jarida take kiran kanta, ba mujalla ba.

Abin da Time ta zo da shi salo ne. Samari biyu da suka gama Jami'ar Yale, Henry Luce da Briton Hadden, suka lura mutane ba su da lokacin bin jaridun kullum. Sai suka riƙa tattaro labaran mako, su taƙaice, su kasa kashi-kashi, siyasa nan, kasuwanci can, ga hoton mutum guda a bango. Ta fara fitowa 3 ga Maris 1923. Ni dai a ganina hoton bangon nan ne ya fi sayar da ita.

Newsweek ta biyo baya a 1933, Der Spiegel ta Jamus a 1947. A Najeriya kuwa, Newswatch ta su Dele Giwa ce ta ɗauki salon a 1985, kafin bam ɗin cikin wasiƙa ya kashe shi a Legas a 1986.