Inda Ake Samun Burbushin Murjani a Jikin Dutse

Malam, ka tambayi irin dutsen da ya kamata ka duba don samun burbushin murjani, wato ragowar wasu ƙananan halittun teku da suka zama dutse, to ka nemi dutsen farar ƙasa mai hawa-hawa, domin yawancinsa a ƙarƙashin teku marar zurfi ya taru. Idan ka ɗiga masa ruwan khal ka ga ƙananan kumfa suna tasowa, to shi ne. Kada ka ɓata lokaci a kan dutsen aman wuta.

Ni dai nakan jiƙa fuskar dutsen da ruwa, sai zanen ya fito fili: wani kamar saƙar zuma, wani kuma kamar ƙaho mai layuka a ciki, kuma dukansu nau'o'in murjani ne da suka ƙare kimanin shekaru miliyan 252 da suka wuce. Ka nemi izinin mai wurin kafin ka sa guduma.