Tambaya da Amsa: Neman Giyabos na Tsoffin Motocin Tsere Domin Ƙananan Samfura

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina haɗa ƙananan motocin roba masu ma'aunin 1:25 (wato ainihin motar ta ninka su sau 25 a tsawo), kuma yanzu ina kan aikin motar Willys ƙirar 1941, irin wadda aka yi tseren kwata-mil da ita a Amurka a farkon shekarun 1960. Giyabos ɗin da ke hannuna bai yi kama da wanda nake gani a hotunan wancan zamani ba. A ina zan sami na daidai, kuma ko ya dace in sayi tsohon kwalin kayan haɗa samfuri mai tsada domin in ciri wannan ɗan guntu kaɗai? Daga wani mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin a yi maganar inda za ka samu, sai ka tsayar da shekarar da motar ta yi tsere da ajin tseren da ta shiga, domin su ne za su faɗa maka sunan abin da kake nema. Willys irin taka tana cikin ajin da ake kira Gasser, wato motocin titi da aka gyara suna tsere da fetur a ƙarƙashin dokokin hukumar tseren motoci ta NHRA, wadda Wally Parks ya kafa a 1951. A farkon shekarun 1960, manyan motocin wannan aji da yawa sun yi amfani da Hydro Stick na kamfanin B&M, wanda asalinsa Hydra-Matic ne, giyabos otomatik mai giya huɗu na General Motors, da aka yi wa kwaskwarima ya jure ƙarfin injin tsere. Abu ne mai ƙiba da nauyi, na ƙarfen zubi, kuma ido ba ya rikita shi da siririn giyabos na hannu. Da a ce motarka a shekarun 1950 ta yi tsere, da na ce ka nemi giyabos ɗin motar LaSalle mai giya uku.

Idan kuwa na hannu mai giya huɗu kake so, shekara tana da muhimmanci ƙwarai. Borg-Warner T-10 ya fito a 1957, Muncie a 1963, sannan Toploader na Ford da A-833 na Chrysler suka biyo baya a 1964, saboda haka Muncie a cikin motar da aka ce ta yi tsere a 1961 kuskure ne da masana za su gani nan take. Hanya mafi sauƙi ta bambance na farkon biyu ita ce ƙirga notin murfin gefe: T-10 yana da tara, Muncie bakwai. Shi kuwa Lenco, mai jerin libobi a gefen direba, na shekarun 1970 ne a ajin Pro Stock, kuma ba shi da gurbi a motarka ko da yake yana da kyan gani.

Game da sayen tsohon kwali, shawarata ita ce kada ka yi. Kwalin shekarun 1960 da ya kai yau ba a taɓa shi ba, darajarsa tana cikin cikarsa, kuma ina ganin asara ce a farke shi saboda guntun da bai kai tsawon ɗan yatsa ba, alhali akwai masu tara irinsa da za su adana shi. Kamfanin Round 2, wanda yake riƙe da sunayen tsoffin kamfanonin samfura AMT da MPC a yanzu, yana sake fitar da tsoffin samfura da yawa daga mazubinsu na asali, kamfanin Revell ma ya sha maimaita nasa, har da Willys ta ƙungiyar tsere ta Stone, Woods & Cook. Guntun da ke cikin sabon bugu siffarsa ɗaya da ta tsohon, kuɗinsa kuma bai kama ƙafar na tsohon ba. Ka duba kuma samfuran AMT da ake iya haɗa su ta hanya uku, domin sukan zo da rarar kayan tsere, da kuma ƙananan fakitin injuna da Revell da AMT suka sayar daban a shekarun 1960, waɗanda aka sake buga wasunsu. Hanya mafi araha ita ce gwanjon motocin da wani ya riga ya haɗa suka lalace, waɗanda ake sayarwa a tare a eBay da wuraren baje kolin masu wannan sana'a.

Akwai kuma masu zuba kayan rezin (wani irin roba mai tauri) da masu buga su da na'urar 3D, kuma aikinsu yakan fi na tsoffin kwalaye fitar da noti da haƙarƙarin jikin giyabos. Sai dai ka tambayi ma'auni kafin ka biya, domin 1:24 ya fi 1:25 girma da kusan kashi 4 cikin ɗari, bambancin da ke bayyana daidai inda giyabos ya haɗu da bayan injin. Gam ɗin roba na yau da kullum ba ya kama rezin, sai sufagulu, kuma a wanke guntun da sabulu kafin fenti.

A yawancin tsoffin samfura, injin da giyabos a haɗe aka zubo su, rabi biyu, hagu da dama. Ka fara manne rabin biyun su bushe, sannan ka yanke da siririn zarto a bakin kaskon kuloci, ka goge da samfefa har fuskar ta daidaita. Ka gwada shi cikin firam ba tare da gam ba tukuna, domin Hydro Stick ya fi na hannu faɗi, kuma mai yiwuwa sai ka ɗan buɗe ramin ƙasan motar, ka kuma rage ko ka ƙara tsawon furofela kafin komai ya zauna.