Tambaya da Amsa: Doguwar Tafiya a Mota da Ƙananan Yara

Tambaya: Assalamu alaikum. Za mu tafi Maiduguri daga Kano a motar maigidana domin hutun Sallah, tare da jaririya 'yar wata biyar da yayanta mai shekara huɗu, wanda da wuya ya shiga mota bai yi amai ba. Surukata ta ce in riƙe jaririyar a cinya domin in ba ta mama da zarar ta yi kuka, wata maƙwabciya kuma ta ce in ba su maganin mura mai sa barci kafin mu tashi. Wace shawara zan bi? Daga wata uwa a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya raya zuri'a, ya kai ku lafiya. Surukarki ƙauna ce ta sa ta faɗi haka, to amma ina roƙonki kada ki ɗauki ko ɗaya daga cikin shawarwarin nan biyu.

Motar da take gudun kilomita 50 a awa ɗaya idan ta yi karo, abin da ke samun na cikinta daidai yake da faɗowa daga tsayin mita goma, kuma kin san a hanyar Maiduguri ana ninka wannan gudun. Babu hannun uwar da zai iya riƙe jariri a wannan lokaci komai ƙarfinta: ko dai ya suɓuce ya bugi gilashi, ko ita kanta ta danne shi da ƙirjinta. Ɗaura bel ɗaya ku biyu ya fi wannan muni, domin nauyinki ne zai matse ta a jikin bel ɗin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kujerar yara ta mota tana iya rage mutuwar jarirai a haɗari da kashi 71 cikin ɗari, ita kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tana umartar cewa yaran da ba su kai shekara 12 ba su zauna a baya.

A kafa kujerar jaririyar a baya, fuskarta na kallon bayan mota, saboda kan jariri yana da nauyi, wuyansa kuma bai yi ƙwari ba, jinginar kujerar ce za ta tallabe kai da gadon baya idan aka taka birki da ƙarfi. Kada a taɓa kafa irin wannan kujera a gaba inda akwai jakar iskar nan da ke kumburowa lokacin karo. Ki ja igiyoyin kafaɗa har sai kin kasa tsunkuno su da yatsu biyu, bargo kuma a lulluɓa shi daga sama bayan an ɗaure ta. Yayanta ma kujerarsa yake buƙata, domin bel ɗin manya a wuyansa da cikinsa zai sauka har sai tsayinsa ya kai kimanin santimita 135. Na san kujerun nan suna da tsada, shi ya sa da yawa ke komawa ga na gwanjo. Idan haka za ku yi, ku duba cewa babu tsagewa a jikinta, igiyoyinta ba su zaizaye ba, makullin kuma yana kamawa sosai.

Damuwar surukarki game da kuka gaskiya ce, maganinta shi ne tsayawa. Tafiyar ta fi kilomita 500, don haka ku shirya yada zango duk bayan awa biyu ko ƙasa da haka, tun da bai dace jaririya ta daɗe a lanƙwashe cikin kujera ba, kanta yana iya rinjayowa gaba ya takura numfashinta. Azare da Potiskum da Damaturu duk suna kan hanyarku. A nan za ki fito da ita ki shayar da ita a natse, ki sauya mata nafkin, yaron kuma ya miƙe ƙafa ya yi fitsari. Ki zauna a baya kusa da su yadda za ki riƙa ganin fuskarta, a kuma danna ɗan makullin da ke gefen ƙofofin baya wanda ke hana buɗe su daga ciki. 'Yar wata biyar nono ya wadace ta ko da ana zafi, ba sai an ba ta ruwa ba, ke ce za ki yawaita sha.

Maganin barci kuwa ki nisance shi. Wasu daga cikin magungunan nan suna danne numfashi, akwai ma waɗanda aka hana bai wa yaron da bai kai shekara biyu ba, kuma yaron da magani ya kwantar ba zai yi kukan da zai sanar da ke halin da yake ciki ba. Game da aman yayanta, yana faruwa ne idan ido ya tsaya a kan abu guda alhali jiki yana jin motsi, saboda haka kada ki ba shi waya. Ki sa ya riƙa kallon nesa ta taga, kuna ƙirga shanu da manyan motoci, iska tana shigowa. Ya ci abu mara maiƙo kafin a tashi, kamar koko ko burodi, ki ajiye leda da tufafin canji kusa da hannu. Gyaɗa da aya da alewa mai tauri su jira sai an tsaya, domin rami ɗaya ya isa ya sa yaro ya shaƙe.

Ku tashi bayan sallar asuba domin ku ci rabin hanya kafin rana ta take, ku kuma isa da haske. Duk inda kuka tsaya, ko don salla ko don sayen abinci, kada a bar yaro a cikin mota ko da barci yake yi. Motar da aka rufe a rana zafin cikinta yana ƙaruwa da kusan digiri goma cikin minti goma, sassauta gilashi ba ya hana haka, jikin yaro kuma yana ɗaukar zafi da sauri fiye da na babba ninki uku zuwa biyar. Kafin ki mayar da su kujerunsu, ki taɓa ƙarfen makullin da hannunki, domin idan rana ta doke shi yana iya ƙona fatarsu.